Ziyarar Gonakin Inabi: Abin Ɗauka Da Abin Bari

Daga cikin al'adun matafiya a ƙasashen Turai da wasunsu, akwai wata wadda ta zama babbar hanyar samu ga manoma, wato mutum ya ratse daga tafiyarsa ya shiga gonar inabi, a zaga da shi cikin shuka, a kai shi ɗakin da aka jera manyan gangunan katako, a zuba masa giyar da aka yi a nan kaɗan-kaɗan ya ɗanɗana, sa'an nan a kawo masa abincin rana a inuwa, ya biya, ya sayi tsaraba, ya kama hanya. Haka ake yi a Bordo ta Faransa, da kwarin Napa na Amurka, da Afirka ta Kudu, inda aka fara matse inabi tun 1659, aka kuma tsara wa baƙi hanya mai bi gona-gona a kewayen garin Stellenbosch a 1971.

Hukuncin giya dai bai ɓuya ko ga ƙaramin almajiri ba, gama nassi ya zo da haramcinta a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, fukaha'unmu na Malikiyya kuma ba su bambanta kurɓa ɗaya da cikin tulu ba. Saboda haka ɗanɗanon nan ba namu ba ne. Amma inabin kansa ni'ima ce ta halal wadda Alƙur'ani ya ambata a wurare da dama, malaman sira kuma sun ruwaito cewa ranar da mutanen Ɗa'ifa suka cutar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a wata gona ya fake, inda Addasu, Banasare mutumin Ninawa, ya kawo masa inabi ya ci.

To, mutumin Zariya ba ya bukatar haye teku kafin ya ga irin wannan gona, domin in ya fita Zariya ta Basawa ya nufi Hunƙuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, zai tarar da manoman da suka mai da inabi sana'a, har sunan yankin ya bazu a Nijeriya. Za ya ga an kafa turaku an ɗaura waya a kansu, itacen ya bi ya yi rumfa, 'ya'yan suna reto nono-nono bisa kan mai wucewa. Za ya ji yadda ake datse rassa bayan damina don su yi fure, da yadda ake ban ruwa da rani, da irin faman da ake yi da tsuntsaye in zaƙi ya fara shiga, har a kai ga tsinka daga hunturu zuwa farkon bazara.

Abin da ya kamata mu koya wurin waɗancan manoman ƙetare shi ne hikimar kawo mai saye har bakin gona. Inabi ba ya jimrin ajiya, wanda kuwa kayansa ke saurin lalacewa, dillali ne ke yanka masa farashi. Alhali da manomi zai share gefe guda ya shimfiɗa tabarmi, ya tanadi ruwan alwala da wurin salla, ya ba baƙo baƙin inabi da kore ya gwada, a matse masa ruwansa nan take ya sha tun bai kwana ba, a biyo da dambu ko tuwon shinkafa da fura da nono, lalle da riba ta zauna inda aka sha wahala, mata masu girki da samari masu zagayawa da baƙi su ma su samu rabonsu.

Masu zuwa kuwa ba za a rasa su ba, ga ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, ga matafiya tsakanin Kaduna da Kano. Ya rage ga manoman Kudan su haɗa kai, su nemi shawarar masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, su sanar da jama'a ranakun da ƙofar gona za ta kasance a buɗe.