Abin da ya sa intanet ke ɗaukar mutumin Gyadi-Gyadi a matsayin mazaunin Legas

Kowane shafin intanet yana da suna da mutane suke rubutawa, yana kuma da lamba da na'urori suke ganewa, kuma haɗa sunan da lambar shi ne aikin farko da ake yi a duk lokacin da ɗalibi a wani kafe na Gyadi-Gyadi ya nemi shafin hukumar JAMB, ko mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ya shiga sauke manhaja, ko likita a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya buɗe wata mujallar kiwon lafiya. Lambar ita ce ake kira adireshin IP, wato alamar da ake bi a kai wa na'ura saƙo a kan intanet, tsarin da yake mayar da suna ya zama lamba kuwa shi ake kira DNS. Wani masanin kwamfuta ɗan Amurka mai suna Paul Mockapetris ne ya ƙirƙiro shi a shekarar 1983, domin kafin lokacin sunayen dukkan kwamfutocin da suke haɗe a fayil guda ake rubuta su, wanda Cibiyar Bincike ta Stanford take rarrabawa, kuma da kwamfutoci suka yawaita sai fayil ɗin ya gagara riƙewa.

Wayar mutum ba ta zuwa neman lambar da kanta. Tana miƙa tambayar ne ga wata kwamfuta ta kamfanin sadarwarsa, wadda aikinta bai wuce na ɗan aike ba, shi kuma ɗan aiken sai ya bi matakai: ya fara tambayar tushen tsarin, wanda yake da adireshi 13 da aka warwatsa kwafinsu a ƙasashen duniya, daga nan a tura shi wurin masu kula da ƙarshen sunan, kamar ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 take kula da sunayen da suka ƙare da .ng, daga ƙarshe ya isa ga saba mai hurumin sunan. Saba ita ce babbar kwamfutar da take ajiye bayani tana miƙa shi ga mai nema, mai hurumi kuwa ita ce wadda amsarta ce ta yanke hukunci a kan wannan suna. Kowace amsa tana zuwa da wa'adi, wato adadin daƙiƙun da aka yarda ɗan aiken ya riƙe ta yana bai wa duk wanda ya tambaya kafin ya koma ya sake tambayowa.

A tsarin asali, amsa guda ake bai wa kowa, ko daga ina ya fito. Abin da masu sana'ar suke kira GeoDNS shi ne a sa saba mai hurumi ta dubi inda tambaya ta fito kafin ta amsa, ta yadda mai tambaya daga Nijeriya zai samu lambar wata saba da take Legas, mai tambaya daga Ingila kuma ya samu ta Landan, alhali suna ɗaya suka rubuta. Dalilin wannan dabara nisa ne. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa guda a cikin wayar gilashi, saboda haka kowace tazarar kilomita 1,000 tana cin milisakan 10 zuwa da dawowa, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne, wadda ta fara aiki a 2010 tsakanin Legas da Fotugal, tsawonta ya kai kilomita 7,000, wato milisakan 70 ke nan kafin a lissafa tafiyar Kano zuwa Legas da tsaye-tsayen da ake yi a hanya. Wannan zai zama kamar ƙaramin abu, sai dai buɗe shafi guda yana buƙatar kai-da-komo sau da yawa, kuma tarin waɗannan jinkiri ne yake sa mai cike fom ɗin jarrabawa ya zauna yana kallon fuskar kwamfuta babu abin da ya fito. Kamfanin Akamai, wanda aka kafa a 1998, a kan wannan dabara ya gina kasuwancinsa, kuma da ita gidauniyar Wikimedia take rarraba masu karatunta, har da masu karanta Wikipedia ta Hausa, waɗanda a Nijeriya cibiyoyin Turai irin na Amsterdam da Marseille ne suka fi kusa da su.

Shirya tsarin ba shi da wuya ga wanda ya san aikin. Dole ne mai shafi ya fara mallakar saba fiye da ɗaya a wurare daban-daban, kuma ya tabbatar da cewa abin da yake cikin ɗaya shi ne a cikin ɗayar, domin babu amfanin a tura mai saye zuwa saba ta kusa idan farashin da take nunawa na makon jiya ne. Bayan haka sai ya ɗora hurumin sunansa a kan hidimar da ta iya bambanta masu tambaya, ko dai ta haya irin Route 53 ta kamfanin Amazon, ko kuma manhajar da zai girka da kansa irin BIND ko PowerDNS, sannan ya rubuta ƙa'idoji: wannan ƙasa a ba ta wannan lamba, waccan nahiya a ba ta waccan. Akwai ƙa'ida guda da sababbin hannu suke yawan mantawa, wato amsar da za a bai wa duk wanda tsarin ya kasa gane inda yake, kuma idan babu ita, irin wannan mai tambaya ba zai samu komai ba, zai ɗauka shafin ya mutu. Wa'adin amsa shi ma yana buƙatar tunani, domin idan ya yi tsawo, gyaran da aka yi ba zai isa ga mutane da wuri ba, idan kuma ya yi gajarta ƙwarai, tambayoyi za su yi yawa. Masu irin wannan tsari sun fi zaɓar daƙiƙa 60 zuwa 300.

Inda maganar take da sarƙaƙiya shi ne yadda saba take sanin inda mutum yake, kuma gaskiyar ita ce ba ta sani ba, hasashe take yi. Da farko dai, ba mutumin take gani ba, ɗan aikensa take gani. Idan mai waya a Tarauni yana amfani da ɗan aiken kamfanin layinsa, to adireshin wannan kamfani za a duba. Idan kuma wani mai gyara ya sauya masa zuwa 8.8.8.8 na Google, wanda aka buɗe a 2009, ko 1.1.1.1 na Cloudflare, wanda ya zo a 2018, to inda kwamfutar waɗannan kamfanoni take ne zai bayyana. An yi ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka da wani ƙari da aka wallafa ƙa'idarsa a 2016, wanda yake bai wa ɗan aike damar haɗawa da sashen farko na adireshin mai tambaya, ba duka ba. Google yana aika wannan sashe, Cloudflare kuwa ya ƙi, bisa hujjar kare sirrin masu amfani da shi, kuma kowannensu yana da abin kamawa, domin abin da yake ƙara saurin shafi shi ne kuma yake ƙara fallasa mai buɗe shi.

Ko da an ga adireshin mutumin da kansa, adireshin IP ba ya ɗauke da sunan gari. Hukumar AFRINIC, wadda take da mazauni a Morishiyos, ita ce take raba adireshi ga kamfanonin Afirka, kuma abin da take rubutawa shi ne sunan kamfani da ofishinsa, wanda ga manyan kamfanonin layin Nijeriya irin MTN da Airtel da Glo yake Legas. Daga irin wannan rajista da wasu alamomi ne kamfanoni kamar MaxMind suke haɗa kundin da yake cewa adireshi kaza na gari kaza ne. Bugu da ƙari, saboda ƙarancin adireshi, kamfanonin layi suna haɗa masu waya masu ɗimbin yawa a bayan adireshi guda, ta yadda mazaunin Unguwa Uku da na Gusau da na Ibadan suna iya fita intanet ta ƙofa ɗaya. Wannan ne ya sa mutum yana zaune a kan Titin Zariya, shafi ya nuna masa hasashen yanayin Legas ko tallan shagunan Ikeja. Masu amfani da Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a farkon 2023, su ma ta Legas suke shiga intanet. Akwai kuma masu VPN, wato manhajar da take fitar da mutum ta wata ƙasa, wadda ta yaɗu a hannun matasa lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Duk wanda ya bar ta a kunne, tsarin zai ɗauke shi Bature ne ko Ba'amurke, ya tura shi saba mafi nisa.

Abin da ya kamata mai shirya tsarin ya riƙe shi ne cewa kusanci a taswira daban, kusanci a waya daban. Maraɗi ta fi Legas kusa da Kano nesa ba kusa ba, amma saƙon da ya tashi daga Kano zuwa wata kwamfuta a Maraɗi yana iya gangarawa bakin teku, har ma ya leƙa Turai, kafin ya dawo. Haka nan ƙa'idar da ta tattara dukkan Afirka ta tura su Afirka ta Kudu, ba lallai ne ta amfani ɗan Kano fiye da a tura shi Landan ba, tun da ya danganta da hanyar da kamfanin layinsa yake bi. Ba a sanin wannan sai da awo, kuma awon ba ya buƙatar wasu manyan kayan aiki: layukan kamfanoni uku ko huɗu, da gwaji da safe da kuma bayan magariba lokacin da ake cunkoso, sun isa su nuna wa mai shafi gaskiyar da kundin hasashe ba zai nuna masa ba. Kuskure mafi muni kuwa shi ne a yi amfani da wannan hasashe wajen zaɓa wa mutum harshe, domin ta haka ne Bahaushen Damagaram yake samun shafi da Faransanci, na Kano da Ingilishi, na Sudan da Larabci, alhali dukkansu Hausa za su zaɓa da an tambaye su.

Amfanin tsarin da ba a cika ambata ba shi ne ceto a ranar matsala. Ana iya sa shi ya riƙa duba lafiyar kowace saba, idan ɗaya ta daina amsawa ya karkatar da mutane zuwa wata. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin teku huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun lalace a gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi rauni a Afirka ta Yamma, harkokin banki suka samu tangarɗa a Nijeriya. A irin wannan rana, shafin da yake da kwafi a cikin gida yana da inda zai tura masu nemansa, wanda kuwa komai nasa yake Turai sai dai ya jira gyara.

Duk da haka, ƙa'ida ba ta iya tura mutum sabar da babu ita, kuma a nan ne gibin Arewa yake. Hidimar Route 53 tana bambanta jihohin Amurka ɗaya bayan ɗaya, amma Nijeriya dunƙule guda take a wurinta, Kano da Fatakwal duk ɗaya. An fara aza tubali, domin cibiyar musayar intanet ta ƙasa, IXPN, wadda aka kafa a 2006 don saƙonnin cikin gida su daina zagayawa ta ƙasashen waje, tana da reshe a Kano, sannan a Janairun 2023 aka ƙaddamar da cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a birnin. Abin da ya rage aiki ne na kamfanonin layi da masu manyan shafuka: su haɗu da juna a Kano maimakon Legas, su ware adireshin da masu amfani na Arewa suke fita da shi, su kuma wallafa bayanin garin da kowane rukunin adireshi yake, wanda akwai ƙa'idar yin haka tun 2020. Jami'o'i da hukumomin jarrabawa da bankunan da miliyoyin abokan hulɗarsu suke Arewa su ne suka fi cancantar fara ajiye kwafin shafukansu a Kano, domin su ne ɗaliban Gyadi-Gyadi da 'yan kasuwar Farm Centre suke buɗewa kullum.