Laimar Alabama da Masuntan Hunturu a Amurka

Da asubahin watan Janairu, tafkin Guntersville da ke arewacin jihar Alabama yakan tashi cikin hazo, sanyi na ratsa ƙashi, amma ruwan ba ya daskarewa. Kafin gari ya waye motocin a-kori-kura sun yi layi a gaɓa, kowacce na janye da ƙaramin jirgi mai inji. Wanda ya riga sauke nasa, a dunƙule cikin riguna uku, zai zaro sandar fatsa mai kauri. A bakin zarenta akwai wani abu da baƙo zai rantse ƙarafan tsohuwar laima ne da iska ta yage wa yadi. Wayoyi biyar ne suka fito daga kai ɗaya suka baje, a ƙarshen kowacce an maƙala kifin roba mai tsawon ɗan yatsa, da ƙugiya a gadon bayansa. Jifa ɗaya, ƙugiya biyar.

Ita ce ake kira laimar Alabama, kuma hunturu ne kakarta. Idan sanyi ya kankama, wasu ƙananan kifaye masu walƙiya da ake kira shad sukan taru garke-garke a tsakiyar ruwa, jikinsu ya yi la'asar. Wani nau'insu ma mutuwa yake yi da yawa idan ruwa ya yi sanyi ƙwarai. Kifin bas, mai faɗin baki da haɗama, shi ma sanyin na sa shi kasala, ba zai wahalar da kansa a kan loma ɗaya ba. Amma a ce ga ɗan garke ya zo wucewa ta gabansa a hankali, wannan kam ba ya ƙyalewa. Shi ya sa masunci ke wurga laimar da nisa, ya ƙirga a zuci har ta nutse zuwa zurfin da yake so, sannan ya riƙa naɗo zare sannu-sannu kamar mai jin barci. Wani lokaci kifi biyu ne za su cafka a tare. Nauyin abin kuwa, kafin la'asar kafaɗa ta ba da labari.

Jan ƙugiyoyi da yawa a bayan jirgi tsohuwar dabara ce ta masuntan teku. Wani mutumin garin Muscle Shoals mai suna Andy Poss ne ya rage mata girma yadda za a iya wurga ta da hannu. Ba ta yi suna ba sai a watan Oktoba na 2011, lokacin da Paul Elias, tsohon gwani daga jihar Mississippi, ya shiga gasar kamun kifi ta ƙungiyar FLW da ita a wannan tafki na Guntersville. Cikin kwana huɗu ya kai wa ma'auni kifi sama da kilo 46, ya bar na biyu a baya da tazara mai yawa, ya tafi da dala 100,000. Nan da nan laimar ta yi wuyar samu a shaguna.

Sai kuma cece-kuce ya tashi. A farkon 2012 ƙungiyar B.A.S.S., uwa a wannan harka, ta haramta laimar a manyan gasanninta. Hujjar ta al'ada ce: a wurinsu gwaninta ita ce mutum ɗaya, sanda ɗaya, koto ɗaya, a ga wanda ya fi iya yaudarar kifi. Basarken Yawuri da ya saba shimfiɗa mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi zai yi dariyar wannan kace-nace a kan biyar kacal. To, shi cefane da kasuwa yake nema. Su kuwa masu kamun bas ba ci suke yi ba. Tun farkon shekarun 1970 wanda ya kafa ƙungiyar, Ray Scott, ya riƙa kiran a daina kashe abin da aka kama, har ta zama ɗabi'a. A cikin jirgin akwai ɗan akwatin ruwa mai famfo inda kifi ke zama da ransa. A auna shi, a ɗaga shi sama a ɗauki hoto, wani har ya sumbace shi, a mayar da shi ruwa. An ƙona mai, an sha sanyi, a koma gida a ci burodi.

Kowace jiha kuma da dokarta. Alabama ta yarda da ƙugiya biyar. Tennessee da Missouri sun ce uku. Masunta ba su rasa mafita ba: sai su bar kifayen roba biyar ɗin yadda suke, amma biyu na sama a cire musu ƙugiya, su zama 'yan rakiya. Masu ƙugiyar ana sa su a ƙasa da tsakiya, domin mafarauci daga ƙasa yake tasowa, kuma wanda ya ɗan ja baya a garke shi ya fi kai wa cafka. A tafkunan tsaunukan Ozark, irin su Table Rock da Bull Shoals, mai neman bas da laima a hunturu kan ci karo da wani kifin dabam, dogo mai launin zinare da haƙora. Wannan shi ne wolai, kuma shi kam sau da yawa ba ya komawa ruwa.

Wanda ke son ganin darajar wolai sai ya nausa arewa, jihar Minnesota, wadda ta ɗauke shi a matsayin kifin jiha tun 1965. A garin Baudette da ke iyaka da Kanada har mutum-mutuminsa aka yi, mai tsawon ƙafa 40. A can laimar ba ta da kasuwa. Doka ta ce kifin roba ɗaya tak ne zai ɗauki ƙugiya, kuma ko ba doka, ina za a wurga ta? Daga Disamba tafki ya zama dandamalin ƙanƙara.

Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar kan ja kunne cewa kada a taka ƙanƙara sai ta kai kaurin inci 4, a-kori-kura kuwa sai ta wuce ƙafa guda. Da ta kai, sai ƙauyuka su tsiro a kan ruwa. A tafkin Mille Lacs ana jawo dubban ɗakunan katako da na tirela, masu masauki a gaɓa su share hanyoyi a kan ƙanƙarar, su kafa alamomi, su karɓi kuɗin shiga. Cikin ɗaki akwai murhun gas, gadaje hawa biyu, wani har da talabijin, ga ramuka a daɓe, kowanne faɗin faranti, waɗanda aka huda da inji. Kowa zare biyu doka ta ba shi. Ɗaya yana hannu, ana ɗaga ɗan cokalin ƙarfe mai ƙyalli ana saki. Ɗayan, mai ɗauke da ɗan kifi mai rai, yana naɗe a wani gare-gare da aka kafe a bango, an zuba masa 'yan ƙararrawa a ciki.

Wolai na da ido irin na kyanwa, mai ƙyalli a duhu, don haka farautarsa magariba ce da asuba da tsakar dare. Mutane sun yi karta sun gaji, an rage fitila, kaka da jika kowa ya ja bargo. Can ƙanƙarar ta yi wani gurnani mai tsawo da ke tsinka zuciyar baƙo, 'yan gari ko a jikinsu, sun san ƙara kauri take yi. Sai gare-garen bango ya fara kacau-kacau. Dattijo ya diro daga gado da safa, ya durƙusa a bakin rami, ya kama zaren da yatsu biyu, ya saurara, ya bari kifin ya ɗan ja, sannan ya fizga. Hannu bayan hannu yake jawowa har idanun nan biyu su bayyana a cikin baƙin ruwa. Kafin a yi murna sai an ɗora shi a kan ma'aunin tsawo. A yawancin tafkunan jihar wolai shida ne iyaka, kuma ɗaya kaɗai zai wuce inci 20. A Mille Lacs ƙa'idar ta fi haka tsauri, tana sauyawa daga shekara zuwa shekara, domin rabon kifin ake yi da ƙabilar Ojibwe, waɗanda Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar musu a 1999 da haƙƙin da yarjejeniyar 1837 ta ba su.

Su Ojibwe ogaa suke kiransa, kuma 'yan rakiya ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Tun kafin zuwan Turawa suna sassaƙa kifin icce marar ƙugiya, su zura shi a rami, su lulluɓe kansu don su ga cikin ruwa, su jira da mashi.

Idan wolan ya cika ƙa'ida, nan take ake fere shi. Tsokar fara ce tas, ba ƙaya. A tsoma ta a ƙwai, a mulmula a garin masara ko dakakken biskit, a soya a kaskon ƙarfe tare da dankali. 'Yar tsokar kumatu, wadda ba ta wuce kwabo girma ba, ita ake yi wa rububi.

Akwai kuma ranar taron dangi. Tun 1991 ake gasa a tafkin Gull kusa da garin Brainerd, inda mutum wajen dubu goma ke tsayuwa a fili na awa uku, kowa a bakin raminsa, babbar kyauta sabuwar mota, ribar kuma ta tafi ga ayyukan jinƙai. Daga ƙarshen Fabrairu ake rufe kamun wolai a yawancin tafkunan cikin jihar, a watan Maris kuma wa'adin kwashe ɗakuna ya cika, mai jinkiri ya sha tara. Wanda ya yi sakaci bai ɗora ɗakinsa a kan gungumen katako ba tun farko, a ranar zai same shi ya manne da ƙanƙara, ya wuni da jak da gatari, maƙwabta na wucewa da nasu ɗakunan a bayan mota suna danna masa oda.