Zance Ma Magani Ne? Abin da Bincike Ya Gano Kan Jinyar Tono Tushen Damuwa

Duk wanda ya zauna a Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take, lokacin jarrabawa ya san koken: kaina na ɗaukar zafi, na karanta shafi sau uku ban riƙe komai ba, wani abu na yawo a jikina. A auna jini, a sha maganin maleriya da na taifot, bayan mako biyu ɗalibin ya dawo da kokensa. Tun 1960 Raymond Prince, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada da ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abekuta, ya yi rubutu kan wannan ciwo a tsakanin ɗaliban Nijeriya, ya kira shi gajiyar ƙwaƙwalwa. Ba kowane zafin kai ne damuwa ba, dole a fara duba jiki. Amma sau da yawa abin da baki ya kasa furtawa jiki ne ke ɗaukar nauyin faɗinsa.

Akwai wata jinya da aka gina kan wannan fahimta. Masana na kiranta saikodainamik, mu kira ta jinyar tono tushen damuwa. Asalinta aikin Sigmund Freud ne a birnin Biyana, sai dai ta yau ta yi nisa da tasa. Mutum biyu ne za su zauna fuska da fuska, galibi sau ɗaya a mako, kusan minti hamsin. Gajerar jinya takan ɗauki watanni, doguwar ta kai shekara ko fiye. Mai ba da jinyar ba nasiha yake yi ba. Saurare yake yi, yana lura da maganar da mutum ke kauce wa, da halin da yake maimaitawa da mutane daban-daban ba tare da ya ankara ba.

A ɗauki misalin ɗalibin da ya tashi a hannun riƙo, inda kuka ko tambaya ke jawo a ce ya cika rashin godiya. Yau ya kasa ƙwanƙwasa ofishin malamin da ke duba aikinsa na kammala digiri, wata uku ke nan, kuma barci ya ƙaurace masa. A ɗakin jinya ma, kowane zama sai ya nemi afuwa don ya ci lokaci. Wata rana mai jinyar zai ce: "Malam, ka lura sau uku ke nan yau kana ba ni haƙuri, alhali lokacin naka ne? Wa kake tsoron ɓata wa rai?" Tsohuwar alaƙa ta shigo ɗaki ke nan, ana iya dubanta da idanu huɗu.

To, yana aiki? Wannan tambaya ta daɗe tana ta da ƙura. A 1952 Hans Eysenck, masani a Landan, ya yi iƙirarin cewa kusan biyu bisa uku na masu irin wannan damuwa kan samu sauƙi cikin shekara biyu, ko an yi musu jinya ko ba a yi ba. Maganar ta yi zafi, amma ta tilasta wa masu jinya barin dogaro da labarin nasarorinsu, suka koma awo. A 1977 Smith da Glass suka tattara bincike 375, suka ga matsakaicin wanda aka yi wa jinyar zance ya fi kashi 75 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa ba samun sauƙi.

Saura a san ko jinyar tono tushe za ta iya kafaɗa da kafaɗa da kishiyarta, wato jinyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda ta fi ta yawan gwaje-gwaje. A Amsadam, Ellen Driessen da abokan aikinta sun raba masu ciwon damuwa 341 gida biyu, kowane ɓangare zama 16. Sakamakon da ya fito a 2013 bai nuna wani bambanci na a zo a gani ba. A 2017 Christiane Steinert da takwarorinta suka haɗa gwaje-gwaje 23 masu ɗauke da mutum 2,751, suka ga tasirinta daidai yake da na hanyoyin da aka riga aka amince da su.

Binciken da ya fi tsaya min a rai shi ne na cibiyar Tavistock a Landan, wanda Peter Fonagy ya jagoranta, ya fito a 2015. Mutum 129 ne, duka masu ciwon damuwar da ya ƙi jin magani. An yi wa rabi jinya ta wata 18, sauran suka ci gaba da kulawar da aka saba. Da aka gama, tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Amma bayan shekara biyu da gamawa, kashi 30 cikin 100 na waɗanda aka yi wa jinyar sun samu sauƙi mai ma'ana, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 4 da ɗoriya. Kamar taki ne, ba ranar da aka zuba ake ganin amfaninsa ba.

Kada dai a zuzuta. A gwajin Amsadam, waɗanda suka warke sarai a ƙarshen jinya ba su kai ɗaya bisa huɗu ba, a ɓangarorin biyu. Gwaje-gwaje da yawa ƙanana ne, kuma mai bincike kan karkata ga hanyar da ya yi imani da ita. Sojan da ya dawo barikin Basawa daga fagen daga yana firgita cikin barci, hujja ta fi ƙarfi a kan jinyar da ke tunkarar firgicin kai tsaye. Mai ciwon da ke sa jin muryoyi kuwa, magani yake fara buƙata, a sashen masu taɓin hankali na asibitin koyarwa na Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna.

Ɗaya reshen binciken ya leƙa cikin ɗakin ne, don gano abin da ke kawo sauƙin. Abin da ya fi maimaituwa shi ne amana da fahimtar juna tsakanin mutum biyun, da yarda kan inda aka dosa. Nazarin 2018 da ya tattara bincike 295, masu jinya sama da 30,000, ya nuna ƙarfin wannan alaƙa na tafiya tare da kyakkyawan sakamako, ko wace hanya aka bi. A Norwe kuma, gwajin Per Høglend kan mutum 100 ya zo da abin mamaki: yin magana kan alaƙar mara lafiya da mai jinyarsa, irin tambayar can ta ba da haƙuri, ya fi amfanar waɗanda suka daɗe suna shan wahalar zama da mutane, alhali a da su ake tsoron yi wa.

A nan ne nake ganin aikin namu ne. Mafi yawan gwaje-gwajen nan a Turai da Amurka aka yi su. Mu kuwa an rene mu kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari kunya take yi, kuma mai jinyar da ya fassara hakan da ƙiyayya ya ɓata aikin tun daga tushe. Budurwar da ta sunkuyar da kai a gaban likita ladabi take nunawa, ba ɓoye-ɓoye ba. Ina yarda da haƙuri, amma na ga inda "yi haƙuri" ke rufe bakin wanda ya zo da magana a cikinsa.

Muna da abin koyi a gida. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da Aro, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, amma likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutum sama da miliyan 200, don haka jinyar wata 18 ba za ta kai ga kowa ba. Gajerar, mai zama 16, ana iya koyar da ita a gwada. Jami'ar Ahmadu Bello na da asibitin koyarwa, da masana Hausa, da dubban ɗalibai masu zafin kai. A yi zaman da Hausa, a ɗauki murya da izinin mai ita, a auna barci da karatu da damuwa kafin a fara, a sake aunawa bayan an gama, sannan a koma a nemi mutanen bayan shekara biyu, kamar yadda aka yi a Tavistock.