Kwabo Mai Huji: Na Sin Ne Ko Na Biyetnam?

Duk wanda ya taɓa riƙe kwabo mai huji na zamanin Turawa ba zai sha wuya wajen gane siffar tsohon kuɗin ƙasar Sin ba. Kewayayye ne, sai dai hujinsa mai kusurwa huɗu ne, don a shirya shi a igiya. Ba buga shi ake yi ba, narkakken ƙarfe ake zubawa a mazubi. A fuskarsa akwai haruffa huɗu: sama, ƙasa, dama, hagu, kuma galibi haka ake bi wajen karanta su.

Inda gizo ke saƙa shi ne, Biyetnam ma ta yi kusan shekara dubu tana zuba irin wannan kuɗi, da haruffan Sinanci. Kamar littafin Larabci ne da aka rubuta a Sakkwato da wanda aka rubuta a Alƙahira: harshe ɗaya, sai ka duba sunan mawallafi da hannun marubuci kafin ka san daga inda kowanne ya fito.

To, a fara da fuska. Haruffan dama da hagu ba su raba gardama, domin yawanci kalmar kuɗi ce kawai, wadda Sinawa ke karantawa "tongbao", 'yan Biyetnam kuma "thong bao", ma'ana dukiyar da ke yawo a hannun jama'a. Asirin yana sama da ƙasa, inda sunan zamanin sarauta yake. Idan ka karanta Kangxi (1662 zuwa 1722) ko Qianlong (1736 zuwa 1795), kana ƙasar Sin. Idan kuwa Canh Hung ne (1740 zuwa 1786), ko Gia Long wanda ya hau mulki a 1802, ko Minh Mang, ko Tu Duc, to Biyetnam ka sauka. Mai haddace irin waɗannan sunaye zai raba mafi yawan abin da zai shigo hannunsa.

Daga nan sai a juya baya. Kuɗin daular Qing, wadda ta mulki Sin daga 1644 zuwa 1912, yawanci yana ɗauke da rubutun Manchu a gefen huji, rubutu mai lanƙwasa kamar ajamin da aka tsayar a tsaye. Na hagu yana cewa "boo", wato dukiya, na dama kuma sunan gidan da aka zuba kuɗin. Sarakunan Biyetnam ba su yi amfani da wannan rubutu ba. Bayan nasu ko dai fili ne sumul, ko ya faɗi nauyi ko daraja da Sinanci, kamar na Gia Long mai "phan bakwai" da na Tu Duc mai "van shida". Kuɗinsu na farko ma, wanda Dinh Bo Linh ya fitar wajen 970, sunan gidan sarautarsa ne, Dinh, a bayansa.

Amma suna yakan yi tagwaye. A 759 wani ɗan tawaye a Sin, Shi Siming, ya zuba kuɗi mai suna Shuntian Yuanbao. A 1428 Le Loi, da ya kori sojojin daular Ming ta Sin daga Biyetnam, ya zuba nasa da haruffan nan huɗu dai, ana karanta su Thuan Thien Nguyen Bao. A nan suna kaɗai ba ya isa, sai da tafin hannu: na Shi Siming babba ne mai kauri, na Le Loi kuwa girman kuɗin cefane. Haka nan maƙeran Biyetnam sun yi ta kwaikwayon kuɗin daular Song ta Sin, sai dai nasu yakan fito ƙarami, siriri, mara nauyi. Ƙarfen ma shaida ne: kuɗin da ya yi launin toka, mai saurin gutsurewa, galibi tutiya ce, wadda sarakunan gidan Nguyen na Biyetnam suka zuba da yawa.

Akwai kuma wanda ke dariyar ƙa'idar baki ɗaya: fuskarsa Qianlong, bayansa "An Nam", sunan da Sinawa ke kiran Biyetnam da shi a wancan zamani. Ana danganta shi da shigar sojojin Qing ƙasar a 1788. Shi ya sa masu harkar ba sa yanke hukunci sai sun karanta gaba, sun juya baya, sun auna nauyi a hannu.