Injin Feshin Ruwa Mai Lantarki: Wanne Ya Dace Da Ƙungiyarku?



Duk wanda ya taɓa kankare kashin kaji da tsintsiya da bokiti ya san wahalarsa. Idan kuwa ba a wanke ɗakin sosai ba, cutar da ta kashe kajin farko tana nan tana jiran sababbi. Shi ya sa ƙungiyoyi ke shawarar sayen injin feshin ruwa. Amma kuɗin na jama'a ne, har da na gwauraye a ciki. Sai mu duba kafin mu saya.

Lambobi biyu za ku karanta a jikin injin: ƙarfin turin ruwa, wanda ake aunawa da "bar", da yawan lita a awa guda. Ƙarfi ne ke ɓamɓare datti, yawan ruwa kuwa shi ke kwashe shi.

Na fari, ƙarami: wajen bar 110, lita 360 a awa. Ba nauyi, ga araha, amma yana da ƙara, motarsa kuma ba ta jure dogon aiki. Ya isa wankin keke da babur.

Na biyu, matsakaici: bar 130 zuwa 150, lita 400 zuwa 500. Ku nemi mai motar da ake kira "indakshan". Ta fi nauyi da tsada, amma ta fi ƙarko. Shi muke ba da shawara domin ɗakin kaji, garken aladu da garma.

Na uku, mai ruwan zafi. Alfred Kärcher na Jamus ya ƙera irinsa na farko a Turai a 1950. Yana narkar da giris da baƙin man tarakta, amma yawancinsu suna shan man gas domin ɗumama ruwan, ga tsada.

Ku tuna, ko ƙaramin yana cin wuta wajen wat 1,400, janareton kunna fitila ba zai ja shi ba. Ruwan dam ko na rijiya mai yashi yana cinye famfon, sai an tace. Kada a kunna shi ba ruwa. Kada a nuna bakinsa ga mutum ko dabba, gama yana tsaga fata. Kada ruwa ya taɓa wayar wuta.

Wanki kaɗai ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Ku bar ɗakin ya bushe, sa'an nan ku fesa magani.

A ƙarshe, ku naɗa amintacce guda ya riƙa kula da injin, a kuma riƙa tara kuɗin gyara. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku.