Kafin a Shafe Soron Kaka da Siminti

Duk wanda ya taɓa shiga tsohon soro da azahar a watan Afrilu, lokacin da rana ke dukan Matamaye har kwalta ta yi laushi, ya san abin da zan faɗa. Kana ɗaga asabari ka sa ƙafa ciki, sai wani sanyi ya tarbe ka kamar ka tsaya a gindin randa. Ido ya ɗan jima kafin ya saba da duhun, sannan ɗakin ya fara bayyana: daɓe ja mai sulɓi, bango ya sha farar ƙasa, alkuki a kusurwa da baƙin hayaƙin fitila a samansa, can bisa kuma azara a jere kamar haƙoran mataji. A irin wannan ɗaki kakata ta yi zamanta har Allah ya karɓi abinsa, kuma ban taɓa jin ta nemi mafici da rana ba.

Bayan rasuwarta wani ɗan'uwanmu da Allah ya buɗa wa a fatauci ya ce zai gyara ɗakin don ya girmama ta. Niyyarsa mai kyau ce. Aka yaɓe bangon da siminti ciki da waje, aka shafa fenti mai ƙyalli, aka rufe azara da silin, aka kafa wasu fararen ginshiƙai biyu na filasta a bakin ƙofa. Damina uku aka yi. A ta huɗu in ka ƙwanƙwasa bangon sai ka ji yana amsawa kamar ganga, ba a jima ba simintin ya ɓaɓɓako faifai guda, ya taho da rabin ƙasar bangon a jiƙe. Muka kira wani tsohon magini, ya daɗe yana murza ƙasar a tafin hannunsa. Na ce, "Baba, ina laifin yake?" Ya ce, "Ɗana, ƙasa numfashi take yi. Kun toshe mata hanci."

Waɗancan ginshiƙai sun daɗe suna yi mini yawo a rai, domin yanzu ko'ina ka duba su ne, daga Yamai har Kano, a falon attajiri da gaban shagon ɗinki. Asalinsu na tsoffin Girkawa da Rumawa ne. Turawa sun koma gare su bayan ɗaruruwan shekaru, musamman da wani magini ɗan Italiya, Andireya Faladiyo, ya fitar da littattafansa huɗu kan gini a 1570, aka riƙa kwaikwayonsa har Ingila da Amurka. Har gobe Baturen da ya gaji tsohon gida yakan nemi launi da kujera da ƙyauren da suka dace da zamanin da aka gina gidan, a ƙasashe da dama ma doka ba ta barinsa ya taɓa wasu sassan sai da izini. Wato gādonsu suke komawa. Mu kuma muka ɗauko hoton gādon nasu muka manna a kan namu, alhali muna da namu tsohon gini mai ƙa'ida, mai gwanaye, mai sunan kowane sashe.

Ba sai an yi nisa ba. Daga Matamaye a bi ta Kance a fita Takeita, a karya gabas, an isa Damagaram. A unguwar Birni ga fadar Sarkin Damagaram, ga ragowar ganuwar da ake dangantawa da Sarki Tanimu wanda ya rasu a 1884, ga gidaje masu zankwaye da zanen da aka karce a jikin bango aka cika da launi. A Zango, unguwar fatake da baƙi, akwai irinsu. Garin ya riƙe matsayin babban birnin Nijar a hannun Faransawa har 1926, kuma tun 2006 tsohon garin yana cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO don a duba sa su cikin kayan tarihin duniya. Agadas kuwa ta riga ta shiga cikin kayan tarihin duniyar a 2013. In kuma kudu aka nufa ta Ɗan Barto da Daura, a Kano ga Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, inda mutum zai zauna ya ɗaga kai ya kalli rufi har wuyansa ya gaji.

Rufin nan shi ne zuciyar adon ɗakin Bahaushe, kuma dole ce ta haife shi. Azara, wato giginyar da aka tsattsaga, gara ba ta cika cin ta ba, tana iya yin shekaru aru-aru, amma in aka ɗora mata nauyin ƙasa ba ta haye tazarar da ta wuce kamar mita 2 ba tare da ta lanƙwasa ba. To yaya za a yi zauren da zai ɗauki fadawa da baƙi? Sai magina suka riƙa fito da azara daga jikin bango kaɗan-kaɗan, a ɗaure ta, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe, a ɗora wata ta ɗan zarce ta farko, daga wannan ɓangare da wancan, har su haɗu a tsakiya. Abin da ya fito shi ne bakan gizo. In biyu suka gitta juna sai a ce ɗaurin guga, don kamarsa da yadda ake ɗaure bakin gugar rijiya. A daidai mahaɗar akan kafa tasa ko farantin tangaran, ya riƙa ɗaukar ɗan hasken da ya shigo ta taga. Wanda ya kai wannan fasaha ƙololuwa shi ne Muhammadu Durugu, Babban Gwani, da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Masana gini daga ƙasashe da yawa sun zo sun auna aikinsa sun rubuta littattafai a kai. Abin takaici, yaro ya gama makaranta a ƙasar Hausa bai taɓa jin sunansa ba.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi: a irin wannan ɗaki, abin da ke riƙe da rufin shi ne kuma adon. Ba a ɓoye shi. Magini yakan bi jikin bakan da yatsa tun ƙasar tana ɗanya, ya fitar da layuka da dagi, daga baya a bi da farar ƙasa da ja da shuɗi. Da can ma a cikin ɗaka aka fi yin zane, a zaure da shigifa da turaka da ɗakunan mata. Sai a ƙarni na 20 ya yawaita a fuskar gida, har aka shiga zana takobi da agogo da keke da mota don mai wucewa ya san mai gidan ya samu.

Rabin adon kuwa na mata ne, kuma shi aka fi saurin mantawa. Daɓe aikinsu ne. A zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, matan unguwa su taru da madaɓai suna bugu suna waƙa har ƙasa ta kwanta ta yi ƙarfi, ta ɗauki wani ja mai duhu da ba fentin da ke ba da shi. Sannan jere. A ɗakin kakata ƙore ne a ƙasa, manya da ƙanana, an yi musu zane da wuƙa, kowace da faifanta. A samansu tasoshi, daga baya kwalla da langa da samira suka shigo, aka jera su tun daga kan gado har kusa da azara. Mace na shiga ɗakin amarya ta karanta jeren nan kamar wasiƙa: wannan daga uwa, wannan daga gwaggo, wannan gudummawar ƙawaye. Yau kabad mai gilashi ya karɓi aikin, ba laifi, amma tsarin dai shi ne, daga babba zuwa ƙarami, hagu ta yi daidai da dama.

Sanyin da na ambata da farko ba siddabaru ba ne. Bangon tubali a gindinsa yakan kai rabin mita ko fiye, rufin ma ƙasa ce mai kauri. Zafin da rana ta zuba masa da hantsi sai ya yi sa'o'i yana ratsawa kafin ya iso ciki, lokacin rana ta yi sanyi. Da dare bangon ya riƙa sakin abin da ya tara, shi ya sa a bazara ake kwana a tsakar gida, a hunturu kuma soro ya fi ko'ina ɗumi. Tsawon rufin yana ba iska mai zafi wurin hawa sama da kan mutane, ƙananan tagogi kuma suna rage ƙura da hasken da ke shigo da zafi. Kwanon rufi akasin haka yake, siriri ne, rana na taɓa shi yake miƙo zafin ciki. Sai mutum ya sayi fanka, sannan ya zauna jiran wuta.

Maganar tsohon maginin ma haka take a kimiyyance. Bangon ƙasa yana tsotsar laima daga gindinsa da damina, ya fitar da ita ta jikinsa in iska ta kaɗa. Siminti da fentin mai suna tare wannan hanya. Ga shi kuma siminti da ƙasa ba sa buɗewa da tsukewa daidai in zafi da sanyi suka sauya, sai ɗan tsagi ya fito, ruwa ya shiga ta nan, ya rasa mafita. Daga waje bango sumul, daga ciki ya zama kunu, gara kuma ta samu inuwar da ba mai ganin ta. Magabata da makuba suke shafe, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin akuya da dafara. Yana korar ruwan sama, amma bai hana bango shan iska.

Ba zan ɓoye raunin ginin ƙasa ba, don mun ga abin da ya faru. A watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin nan na Zariya ya rufta kan masallata ana sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. A watan Satumban 2024 ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram. Ginin ƙasa yana son a riƙa duba shi kowace shekara kafin ruwa ya sauka: a yi yaɓe, a share indararo, a toshe tsagin rufi, a kau da ruwan da ke kwanciya a gindin bango. Da can wannan aikin gayya ne, kuma akwai Sarkin Magina da ke sa ido a kan sana'ar. Yanzu samari sun tafi ci-rani, marina sun ragu balle a samu katsi, giginya ta yi wuya, ƴaƴan magina da yawa sun koma bulo. Amma mu mutanen wannan yanki bai kamata mu ce abu ya gagara ba. Manoman Matamaye da Magarya da Mirya ne suka mayar da gawo cikin gonakinsu ta hanyar barin tsiro ya girma, har masu bincike daga ƙasashen waje suke zuwa gani. Hannun da ya raya gawo zai iya raya giginya da ɗorawa.

Wanda ya gaji tsohon soro kuma yake son zama a ciki da jin daɗin zamani, abin mai yiwuwa ne. Wayar lantarki a bi da ita ta kan bango cikin siririn bututu, kada a sassare bangon. Alkuki na nan, a sa masa ƙaramin ƙwan sola, hasken zai bazu a kan farar ƙasa ya fito da zanen fiye da yadda fitilar aci-balbal ta taɓa yi. Kada a rufe azara da silin, domin a nan ake fara ganin yoyo da gara tun ba su yi ɓarna ba. Manyan kujerun nan masu ruwan zinariya an yi su ne don falo mai faɗi, in aka cusa su a soro sai ɗakin ya shaƙe. Soro da zaman ƙasa ya saba: darduma, tabarmar kaba, tumtum na fata irin wanda dukawan Damagaram suka shahara da shi, ƙaramar kujera, gwado ko luru a kan gado. In ana son tayil, a kai shi banɗaki da madafa inda ruwa ke zuba, a bar wa ɗaki daɓensa.

Masu sabon gini ma ba a bar su a baya ba. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, masallacin ƙasa da magini Falke Barmu ya fara a 1962 ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, ita ma cikin jihar Tawa, Mariyama Kamara ƴar Nijar da abokiyar aikinta Yasaman Isma'ili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji, aikin ya kammala a 2018, kuma da maginan garin aka yi shi. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an samu wanda ya san inda aka ajiye ta.

Masu wannan sani suna nan a Matamaye da Kance da ƙauyukan da ke kewaye, sai dai yawancinsu gemu ya yi fari. Ina roƙon hukumomin gari da masu sarauta su sa a ƙidaya tsofaffin soraye da zaurukan da suka rage, a ɗauki hotonsu, a haɗa tsofaffin magina da matasan da ke koyon sana'a. Kai kuma ɗan'uwa, in akwai irin wannan ɗaki a gidanku, kafin ka sayi buhun siminti ko ɗaya, nemo tsohon magini ka kai shi ya gani, tun damina ba ta kawo kai ba.