Duba Rubutu Kafin Ɗab'i: Ƙaramin Jarin Da Marubutan Soyayya Ke Tsallakewa

Duk wanda ya taɓa ratsa rumfunan littattafai na Kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko ya tsaya gaban mai shimfiɗar littattafai a Agege ta Legas ko Sabo ta Ibadan, ya san cewa littafin soyayya haja ce mai tafiya. Ya kuma san ƙorafin da ya daɗe yana bin wannan haja: labari mai daɗi, rubutu cike da kurakurai. Masana harshe sun sha tattauna matsalar ta fuskar ilmi. Amma idan aka bi diddiginta, za a tarar tushenta na cikin lissafin kuɗi.

A da, marubucin Hausa bai san wannan ɗawainiya ba. Tun daga gasar 1933 da Hukumar Talifi ta shirya a Zariya ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, har zuwa kafa kamfanin NNPC a 1966, aikin marubuci shi ne ya miƙa rubutunsa. Kamfani ne ke biyan edita da mai duba kurakurai, shi ke sayen takarda, shi ke rarraba littafi, shi kuma ke ɗaukar asara idan ta zo.

Wannan tsari ya raunana a shekarun 1980. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, takarda da tawada da kayan gyaran injin da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin ba su iya cike giɓin ba, daga baya ma suka durƙushe. Manyan kamfanoni suka tattara ƙarfinsu a kan littattafan makaranta, inda kasuwa ke da tabbas, suka juya wa ƙagaggun labarai baya.

A wannan fili ne matasan marubuta suka fara buga wa kansu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kwikwiyo a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, aka kuma sami ƙungiyoyi irin su Raina Kama da ke haɗa kan marubuta. Abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano ya zama sana'a sosai, wadda ta ciyar da masu buga rubutu da masu zanen bango da maɗaba'u da 'yan sari, mata kuma suka zama jigo a cikinta, a matsayin marubuta da kuma makaranta.

Sai dai kuma wanda ya zama kamfanin kansa ya gaji dukan nauyin kamfani. Marubuciya za ta biya mai buga mata rubutu a kwamfuta, ta biya mai zane, ta sayi takarda, ta biya maɗaba'a, duk kafin kwabo ya shigo. Sau da yawa ɗan sari kan karɓi kaya bashi, sai ya sayar ya kawo kuɗi. A cikin wannan jeri babu abin da za a iya tsallakewa littafi ya fito, in ban da abu guda, wato duba rubutu. Ba takarda, ba littafi. Amma littafi kan fito ko ba a duba shi ba. Shi ya sa idan jari ya gaza, mai duba rubutu ne farkon wanda ake sallama.

Ga kuma matsin lokaci. Al'adar raba labari kashi na ɗaya da na biyu da na uku dabara ce ta juya ƙaramin jari, domin cinikin kashin farko ne ke biyan kuɗin buga na biyu. Idan aka yi jinkiri, makaranci ya huce, ɗan sari ya koma kan wani littafin. Mako guda na dubawa sai ya zama tamkar asara a idon mai gaggawa.

To amma lissafin bai tsaya nan ba. Kuɗin duba rubutu sau ɗaya ake biyansa, ko kwafi nawa za a buga. A ɗauka marubuciya za ta buga kwafi 2,000: duk abin da ta biya mai dubawa za a raba shi gida 2,000 ne, abin da zai hau kan kowane kwafi kuwa bai taka kara ya karya ba. Kuskuren da aka kama a kwamfuta, gyaransa minti guda ne. Wanda aka gano bayan inji ya gama aiki kuwa ya riga ya hayayyafa sau 2,000, sai dai a sake sayen takarda ko a kai shi kasuwa da aibinsa.

Kurakuran kuma ba na ado ba ne kawai, suna taɓa ma'ana. Rashin ƙugiya na mayar da “baƙi” ya koma “baki”, “ƙafa” ta koma “kafa”, “ɓata” ta koma “bata”. Haɗe kalmomi na mayar da “ta ce” ta zama “tace”, kamar ana maganar gasarar koko, “ya yi” kuma ya zama “yayi”. Akwai kuma kuskuren da ya fi addabar labari mai kashi-kashi, inda sunan ƙanwar tauraruwa zai sauya tsakanin littafi na ɗaya da na biyu, ko shafi guda ya maimaitu wani ya ɓace. Marubuci ba ya cika ganin irin waɗannan, domin idonsa na karanta abin da ke zuciyarsa ne, ba abin da ke kan takarda ba. Dole sai da idon wani.

Ba kuma za a ce babu ma'auni ba. An zauna kan daidaita rubutun Hausa a taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Jami'o'i da kwalejojin ilmi na yaye ɗaliban sashen Hausa kowace shekara, da yawansu na neman abin yi. Ga masu buƙatar aiki, ga masu iya aikin, amma kasuwar da za ta haɗa su ba ta kafu sosai ba, domin babu tsayayyen farashi, babu kuma hanyar da marubuci zai bambance gwani da ɗan koyo kafin ya biya.

A yau yawancin labaran sun koma wayar hannu, ana sayar da su shafi-shafi ta WhatsApp da manhajojin karatu. Kuɗin takarda ya fita daga lissafi, amma gaggawa ta ƙaru, ga shi kuma mutane da yawa ba su sa wa wayoyinsu allon rubutu mai ƙugiya ba. A lokaci guda, ladan rubutu mai tsabta ya ƙaru. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta buɗe wa marubuta mata ƙofa, fassarar Alhaki Kwikwiyo zuwa Ingilishi da aka buga a Indiya a 2012 kuma ta nuna cewa littafin kasuwa na iya ƙetare teku. Alƙalin gasa da mai fassara da malamin da ke zaɓen littafin aji, duk da rubutu suke fara cin karo kafin su kai ga labari.

Mafita ba ta buƙatar babban jari. Ƙungiyoyin marubuta na iya fitar da sunayen masu duba rubutu da suka gwada, su tsayar da farashi a kan kowane shafi, su kuma sa a riƙa rubuta sunan mai dubawa a cikin littafi, yadda sunansa zai zama jinginarsa. Marubutan da ba su da hali na iya musayar rubutu a tsakaninsu, kowa ya duba na ɗan'uwansa. Maɗaba'u kuma na iya mayar da shi ƙa'ida cewa ba za a kunna inji ba sai mai littafi ya karanta gwajin ƙarshe ya sa hannu.

Babban jarin marubuci mai buga wa kansa shi ne sunansa, domin shi makaranci ke tambaya a rumfa. Wanda ya sayi kashi na ɗaya ya sha wahalar karantawa, da wuya ya dawo neman na biyu.